Notin da Ke Ɗaure Kansa

Duk yaron da ya sauka daga jirgi ya zo wurina neman aiki, maganarsa ɗaya ce: "Baba Habu, ai kanikanci a Dubai ba wuya, kwamfuta ce ke gaya maka ciwon mota." To, madalla. Ni dai karatuna a aji uku ya tsaya, shi ma malamin ne ya roƙi babana ya ɗauke ni don sauran yara su samu su ji darasi. Wannan rubutun da kuke gani ma sai da na lallashi biro kafin ya yarda ya tafi. Amma bari in ba ku labarin aiki guda ɗaya, in kun gama ji sai ku nuna mini inda za a soka wayar kwamfutar.

Aikin farko da aka ba ni a duniya shi ne ɗaure cen ɗin babur. A Kano ne, ƙarƙashin wata darbejiya, wurin maigidan da ya koya mini sana'a. Na daɗe ban taɓa inji ba, sai wanke notina a kwano da fetur, sai ɗaure cen. Dokarsa ita ce duk abin da ka ga yana reto a jikin babur, ka ɗaure shi kafin mai shi ya dawo. In kuma an gwada babur an dawo, kar ka tambayi mai shi komai tukuna, ka bi jikinsa da bayan hannunka, inda ya fi zafi nan ciwon yake. Akwai kuma abin da bai taɓa faɗa da baki ba. Wata rana maƙwabcinsa, shi ma bakanike, ya ɗaura takalmin birki a juye. Maigidana ya gani, ya ci gaba da aikinsa. Sai da mutumin ya tafi alwala, ya tashi ya kwance ya juya ya mayar, ya goge hannunsa ya dawo ya zauna. Na buɗe baki zan yi tambaya.

Ya ce, "Ka ga wani abu?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ni ma ban gani ba."

Haka muka taso. Ba ka gyara aikin ɗan'uwanka a gaban idonsa, balle a gaban mai kaya. Ka jira ya juya baya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani ɗan kasuwa mai aika kaya gida ne ya yi mini hanya na zo Dubai, na samu aiki a wani gareji a Ras Al Khor inda ake gyaran babura masu ƙafa huɗu da 'yan motocin nan na hawan tudun rairayi. Kayan aikina duk na nan ne, ban da sifana ɗaya lamba sha huɗu da na taho da ita daga Kano. Bakinta ya ɗan ɓantare, saboda haka duk notin da ta kama sai ta bar masa tabo. Ni da ke shan wahalar sa hannu a banki, sifanar ce ke sa mini hannu a kan aiki.

A garejin na tarar da Baba Seidu, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya nuna mini bas ɗin da zan riƙa hawa daga International City, shi ya nuna mini shagon da ake samun garin masara. A wani ɗan ɗaki a saman garejin yake kwana, don haka kullum kafin in iso ya share wuri ya dafa shayi. Hannunsa kuwa, in ya ɗaure noti sai ka yi bisimilla ka gyara tsayuwa kafin ka ce za ka kwance. Yana ce mini Ɗan Kano, ina ce masa Baba.

Sai shekarar 2009 ta zo. Gine-gine suka tsaya cak, Turawan da ke zuwa yammacin Alhamis su ɗauki baburansu suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, wasu ma suka bar mana baburan kamar amanar da ba a ce ranar karɓa ba. Ma'aikatan garejin suka watse, saura ni da Baba Seidu, muna wanke sifanu masu tsabta don kar a ce ba ma komai. Kuma bizarmu mu biyu ta kusa ƙarewa.

A tsakiyar wannan hali ne kwantena ta iso daga Jebel Ali da wani kaya da mai garejin ya saya tun duniya na zaune lafiya. Balaraben ƙasar ne, Arbab muke ce masa, wato maigida. Muka fasa akwatin katako, muka tsaya muna kallo. Kai na babur, kujera ta babur, amma a baya babu taya, sai wata faffaɗar roba mai haƙora da ke zagayawa kamar ƙafar katafila. Nan take muka sa mata suna tabarma. Arbab ya ce babur ɗin ƙanƙara ne, a ƙasarsu a kan dusar ƙanƙara ake tuƙa shi, amma an yi masa kwaskwarima don rairayi: an cire takalman gaba an sa ƙananan tayoyi, an ƙara masa lagireto da fanka, an sa masa salansa mai tada unguwa. Ni ƙanƙarar da na sani a lokacin ita ce ta cikin zoɓo.

Baba Seidu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga tabarmar na reto kamar hantsar tsohuwar akuya.

Ya ce, "Mutanen nan ba su da kunya. Ka sayar wa mutum kaya a sake haka?"

Ya ɗauko sifana ya bi notina biyun da ke baya ya ɗaure, sai da tabarmar ta miƙe kamar fatar kalangu. Arbab na tsaye, ya daki kafaɗarsa ya ce, "Zen, Seidu, zen," wato aiki ya yi kyau. Ni ma na ce Allah ya ƙara ƙarfin hannu. Da shi bai ɗaure ba, da ni zan ɗaure.

Ashe Arbab ya riga ya cika wa mijin ƙanwarsa baki cewa abin da ya sayo babu mai kamo shi a rairayi. Ranar Juma'a suka fita tsere a rairayin bayan Awir, mu kuma muna biye a akori-kura da kayan aiki. Babur ya tashi da ƙara kamar zai tsaga ƙasa, ya zabura, maleji ya hau sittin ya zauna a nan kamar ya biya haya. Surukin ya zo ya wuce shi a 'yar motarsa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da kofin gahawa, har da ɗaga masa kofin.

Da Arbab ya sauko bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi ihu muni. Ya ce, "Biza ɗaya zan iya sabuntawa bana. Wanda ya sa abin nan ya yi gudu a cikinku, tasa ce. Ɗayan, tikitin gida. Kalas." Wato magana ta ƙare.

A hanyar dawowa, da muka kusa gareji, Baba Seidu ya ce, "Ɗan Kano, ka iya noman koko?"

Na ce, "Kai ka iya tuƙa acaɓa?"

Filogi na fara cirewa, don shi ba ya ƙarya. Na same shi baƙi ƙirin, a jiƙe. Wato mai ya yi wa injin yawa. Dalili kuwa, an saita kafireto ne don iskar ƙasar sanyi, mai nauyi, ta Dubai kuwa ko a lokacin sanyinta ba ta kai ba. Sai an rage ƙofar da man ke bi, wadda muke ce wa jet. Na yi yawon shagunan Sharjah da 'yar ƙaramar jet a tafin hannu ina nuna wa mutane kamar mai neman ɗan da ya ɓace, har na samo ƙanana. Muka sa, muka wanke matatar iska, muka koma fili. Ni ne mai gwaji, don Baba Seidu ya ce shi yana da jikoki. Hular kwanon Arbab ta yi mini yawa, in na juya kai ita ba ta juyawa. Ƙarar injin ta gyaru, gudu ya ƙaru kaɗan, ba abin da za ka kai wa mutum labari ba.

Sai kuloci. Wannan babur ba shi da giya irin wadda kuka sani. Faranti biyu ne ke matse bel, in inji ya ɗauki wuta sai su tura bel ɗin ya hau sama, hawansa shi ne gudun. Hannuna har ya kai ga gwangwanin giris, don a garinmu duk abin da ke juyawa giris ake ba shi, sai na tuna bel da maiƙo ba sa shiri. Muka goge farantan da sanfefa har ƙyallinsu ya tafi, muka sa sabon bel. Na ja layi da biron maka a jikin faranti daga ƙasa zuwa baki, don in ga inda bel zai goge. Bayan gwaji na duba, ya goge rabi ya bar rabi. Maleji saba'in. Injin lafiyarsa ƙalau, kuloci lafiyarsa ƙalau, amma akwai abin da ke riƙe da babur ɗin ta baya kamar mai bin bashi.

A nan na tuna da darbejiya. Na bi jikinsa da bayan hannu: inji zafinsa daidai, lagireto daidai. Da na kai ƙarƙashi, inda tabarmar ke gogar wasu dogayen robobi farare, sai da na janye hannu na sa a baki. Wurin na warin bokitin da aka manta kusa da murhu. A ƙasarsu dusar ƙanƙara ce ke shiga nan ta jiƙa wurin ta sanyaya shi. A nan babu mai shiga sai rairayi. Da muka koma gareji na ɗaga bayan da jak, na kama tabarmar da hannu biyu na ja. Ko motsi. Ashe reton da muka gani ranar farko ba sakaci ba ne, haka masu ita suka nufa.

To, ga ciwo na gano, ga kuma inda ya fito. Arbab da idonsa ya ga wanda ya ɗaure tabarmar, har ya yaba. In na buɗe baki, na sayi tikitin Baba Seidu ke nan da hannuna. Saboda haka na yi abin da aka koya mini. Da la'asar, da ya tafi masallaci, na sa sifanata na sassauta notinan nan biyu, na rufe babur da tamfol. Dabarata ita ce gobe in ya yi gudu in ce aikin kafireto da kuloci ne ya fara kama jiki, aikin da muka yi tare.

Washegari muka fita fili, na murɗa totur ina murmushi a cikin hular kwano. Saba'in. Na sauko na yi kamar ina ɗaure takalmi, na zura hannu ƙarƙashi. Tabarma a miƙe kamar fatar kalangu.

Na ce wataƙila robar ƙasar sanyi ce, da dare take tsukewa don kewar gida. Na sake sassautawa, wannan karon har da ƙari. Gari ya waye, a ɗaure. Na sake. A ɗaure. Ni dai tun da nake na ga noti ya kwance kansa ba adadi, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa ba. Kuma a fili ba dama in taɓa, don Baba Seidu na tsaye, wani lokacin har da Arbab yana kallon agogo yana cewa, "Yalla, Habu, yi sauri, Juma'ar ramuwa ta kusa." Zuciya ta kawo mini mutum biyu, aljani da Baba Seidu. Na zaɓi aljani, don shi ban taɓa cin tuwo kwano ɗaya da shi ba.

Ranar Alhamis, ana gobe Arbab zai sake karawa da surukinsa, na hau bas ɗin farko. Na tura ƙofar gareji a hankali. Tamfol a ɗage, ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin babur, sanye da silifas ɗin da na sani.

Na ce, "Salamu alaikum, aljani."

Ƙafafun suka daina motsi. Can ya ce, "Wa alaikumus salam. Ɗan Kano, yau me ya koro ka da sassafe?"

"Na zo gaida mai ɗaure mini noti."

Ya jawo jiki ya fito, ya ce wani washa ne ya faɗi yake nema.

Na ce, "Da sifana ake neman washa a Kumasi?"

Ya dubi sifanar kamar yanzu ya fara ganinta, ya ajiye. Ya jawo mini galan ya ce in zauna.

Ya ce, "Ban so mu yi maganar nan ba. Kai mai hannu ne, kowa ya sani. Amma tun da Arbab ya yi zancen biza, kanka ba ya tare da kai. Kullum sai ka bar notinan nan a sake. Da farko na ce girgiza ce, sai na ga tabon sifanarka. In tabarmar nan ta fita kana kan gudu, me zan gaya wa iyalinka? In kuma Arbab ya leƙa ya ga aikinka haka?"

Na ce, "Baba, da ka bar shi ya leƙa, ai da biza taka ce."

Ya ce, "Bizar da aka samu haka, a wane aljihu zan sa ta?"

Na sosa ƙeya. Babu sauran wurin ɓuya. Na ce, "Da gangan nake kwancewa."

Na ɗaga bayan babur da jak na ce ya ja tabarmar. Ya ja, da hannun nan nasa, da ƙyar ta matsa. Na sassauta notinan na ce ya sake. Ya tura da hannu ɗaya ta zagaya. Na nuna masa fararen robobin da suka fara narkewa. Ya daɗe a durƙushe.

Ya ce, "Wato tun ranar farko."

Na ce, "Ni ban ce ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Abin da ya hana ka."

Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. Ya ce, "Kai kana rufa mini asiri da la'asar, ni ina rufa maka da asuba, babur kuwa yana tsakiya yana shan wuya. Tashi mu yi aiki, sakarai."

Na ce, "To, babban sakarai."

Kar ku ɗauka daga nan ni ne gwani. Da muka fita gwaji da irin sassautawar da na yi, ina murɗa totur sai ƙarrr, haƙoran da ke jan tabarmar suka riƙa tsallakewa, saura kaɗan in sha rairayi. Na yi sake da yawa. Baba Seidu ne ya kwanta ya riƙa juya noti kwata-kwata, hagu da dama daidai wa daida don kar ta karkace, yana danna tsakiyar tabarmar da babban yatsa, har ya sami wurin da ba ta reto kuma ba ta ƙagewa. Shi ne kuma ya ce tun da babu dusar ƙanƙara, mu yi mata tamu. Ya ɗaura galan a bayan kujera, ya cika da ruwan sabulu, ya ciro ɗan famfon wanke gilashi daga wata matacciyar mota, ya ja siririyar tiyo biyu zuwa kan fararen robobin. Na sake hawa. Inda maleji ya kai ban gani ba, don hular ta juya ta rufe mini ido. Amma da na duba faranti, layin makar ya goge har baki.

Ranar Juma'a Arbab ya hau. Surukin ya riga ya zuba gahawarsa. Bai kai kofin baki ba. Babur ya wuce shi yana barin kumfa a kan rairayi, mayafin kan Arbab ya tashi sama ya tafi nasa yawon. Ya je ya juyo, ya sake wuce shi don kar a ce kuskure ne.

Ya sauko kai ba mayafi, yana haki. Ya ce, "Wa ya gyara?"

Baba Seidu ya nuna ni da baki. Ni ma na nuna shi da baki.

Arbab ya ce, "Ɗaya na ce."

Na tattaro Larabcina na gareji, wanda rabinsa hannu ne. Na ce, "Arbab, abin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ni kwancewa na iya, shi ɗaurewa. Ka riƙe ni kaɗai, zan yi ta kwancewa har tabarma ta bar ka a hanya. Ka riƙe shi kaɗai, zai ɗaure har a sake sha maka gahawa a gaba. A ƙasarsu ƙanƙara ke yi masa hidima. Nan babu ƙanƙara, sai mu."

Ya tsuke fuska yana dubanmu. Ban san inda maganar za ta faɗi ba. Sai ga surukin ya iso, rigarsa duk gahawa, ya zagaya babur ɗin ya shinshina galan ɗin sabulu.

Ya ce wa Arbab, "Habibi, kar ka wahalar da kanka. Wanda ka sallama a cikinsu, turo mini shi."

Arbab ya ce, "Ko ɗaya ba ka samu." Ya juyo gare mu, "Gobe ku kawo fasfo. Ku biyu."

Babur ɗin dai, lokacin sanyi ɗaya ya yi yana tashe, daga nan Arbab ya gaji da shi ya koma son jirgin ruwa. Mu kuwa muka ci gaba da zama a garejin har kasuwa ta farfaɗo. A 2014 Baba Seidu ya ce gwiwa ta gaji, zai koma wurin jikokinsa. Safiyar da zai tafi, kafin in iso, ya ɗauki wani ƙaton noti ya ɗaura shi a ƙarfen teburin aikina, ya ɗaure da duk abin da Allah ya ba shi. Ba ya riƙe komai, ba ya hana komai.

Yana nan har yau. Duk yaron da ya zo mini da zancen kwamfuta, nan nake fara kai shi in miƙa masa sifana. Su yi ta nishi, su ce, "Baba Habu, kai kana iya kwance shi?"

In ce, "Sosai ma. Ina jira ne mai shi ya tafi masallaci."